Ziri Ko Tsinta? Kwatanta Hanyoyin Tiyatar Dashen Gashi Wajen Magance Sanƙo

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta manyan hanyoyi biyu da likitoci ke bi a yau wajen dashen gashi. Ta farko ita ce yanko zirin fata daga ƙeya, wadda aka fi sani da FUT. Ta biyu kuwa tsinto gashin gungu-gungu, wato FUE. An kuma leƙa sunayen da suka cika tallace-tallace, irin su DHI da aikin mutum-mutumi. Matsayar maƙalar ita ce hanyoyin biyu sun rabu ne kawai a wurin ɗibar gashi, kuma abin da ke kawo nasara ko nadama shi ne yawan gashin da ƙeya za ta iya bayarwa, da irin gashin mutum, da hannun da ke riƙe da ƙarfen. An ba gashin baƙar fata kulawa ta musamman, domin a kansa ne lissafin ya fi sauyawa.

Inda aka faro

A watan Yuni na 2011 ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney, yana da shekara 25, ya sanar a Twitter cewa an yi masa dashen gashi. Abin da maza suka saba rufewa da hula ya fito fili, kuma cikin 'yan shekaru aka fara ganin matafiya da bandeji a ƙeya suna jiran jirgi a Istanbul. Amma aikin ya girmi Rooney nesa ba kusa ba. Tun a 1939 wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya wallafa yadda yake huda fatar kai da ƙaramin bututu mai kaifin baki, ya ciro fata da gashinta, ya dasa wa waɗanda wuta ta ƙona ko suka rasa gira. A 1943 Hajime Tamura ya matsa gaba, har yana dasa gashi ɗai-ɗai. Yaƙin Duniya na Biyu ya binne wannan ilimi, bai isa Turai da Amurka ba sai bayan shekaru masu yawa.

Wanda ya buɗe ƙofar maganin sanƙon gado shi ne Norman Orentreich, likitan fata a birnin New York, wanda ya fara aikin a 1952 ya kuma wallafa sakamakonsa a 1959. Abin da ya gano shi ne ginshiƙin sana'ar har gobe: gashi yana tafiya da halin wurin da aka ciro shi. In an ɗauko shi daga ƙeya aka kai goshi, zai ci gaba da rayuwa irin ta gashin ƙeya. Dalilin haka yana cikin sinadaran jiki. Tun a 1942 James Hamilton ya lura cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo, amma in aka ba su sinadarin testosteron, masu sanƙo a danginsu sai gashin ya fara zuba. Daga baya aka gane cewa jiki yana juya testosteron zuwa wani sinadari da ake kira DHT, shi kuma yana tsuke saiwar gashin goshi da tsakar kai a hankali har gashin ya koma siriri ya ɓace. Saiwoyin ƙeya da gefen kunnuwa galibi ba sa jin wannan sinadari. Shi ya sa dattijo mai sanƙo tas yake da zoben gashi a bayan kai.

Ilimin Orentreich daidai ne, kayan aikinsa ne suka yi girma. Bututunsa faɗin milimita 4 gare shi, yana ciro gashi sama da goma a dunƙule, a jera su a goshi layi-layi. Sakamakon shi ne abin da aka yi wa laƙabi da gashin 'yar tsana, wanda ake ganewa tun daga nesa. A shekarun 1970 an gwada wasu dabaru masu tsauri. José Juri na Ajantina yakan yanko faffaɗan fata mai gashi daga gefen kai ya juyo ta zuwa goshi, wasu kuma su yanke sanƙon ɗungum su janyo gefe da gefe su ɗinke. Akwai ma masu cusa gashin roba, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta shi a 1983 saboda ruɓewa da tabo. Duk waɗannan yanzu sun koma gefe, sai a gyaran ƙuna ko babban rauni ake waiwayar wasunsu.

Juyin ya zo ne daga ɗakin gwaji. A 1984 John Headington ya yanka fatar kai a kwance ya duba a na'urar ƙara girma, ya ga ashe gashi ba ɗai-ɗai yake fitowa ba. Yana fitowa ne gungu-gungu, daga ƙwara ɗaya zuwa huɗu, kowane gungu da 'yar tsokarsa da jakar maiƙonsa. Bobby Limmer na San Antonio a jihar Texas ya fara rarraba waɗannan gungu a ƙarƙashin na'urar a 1988, sannan Robert Bernstein da William Rassman suka tsara ƙa'idar a rubuce a 1995. Daga nan zuwa yau, duk wani dashe na ƙwarai da gungun halitta ake yin sa. FUT da FUE duka 'ya'yan wannan tunani ne.

Lissafin ƙeya

Kafin a kwatanta hanyoyin, akwai lissafin da mai talla ba ya son a yi. Dashe ba ya ƙara wa kai ko ƙwarar gashi ɗaya. Ƙeya rumbu ce da aka cika sau ɗaya, abin da aka ɗiba ba ya dawowa. Kan ɗan Adam yana ɗauke da gashi kimanin 100,000, amma yankin da aka amince ba zai zuba ba, wanda Walter Unger ya zana iyakarsa a 1994, ɗan zobe ne a tsakiyar ƙeya zuwa saman kunnuwa. Abin da yawancin mutane za su iya bayarwa a tsawon rayuwarsu ba tare da ƙeyar ta yi fayau ba yana tsakanin gungu 4,000 da 8,000.

A ɗauki mutumin da sanƙonsa ya kai mataki na shida a ma'aunin Norwood na 1975, mai matakai bakwai. Filin da ya buɗe a kansa zai iya kai murabba'in santimita 200. Idan asalin cikar gashinsa gungu 80 ne a kowane murabba'i, mayar da shi yadda yake a da zai ci gungu 16,000. Ba shi da su. In yana da 6,000, abin da zai samu shi ne 30 a kowane murabba'i. Abin da ke ceton sana'ar shi ne ido ba ya fara ganin raguwar gashi sai kusan rabinsa ya tafi, don haka likita mai basira yakan cika gaban goshi, ya sassauta a tsakar kai, ya sa gungu masu ƙwara ɗaya a layin farko, masu uku da huɗu a baya. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowace hanya ita ce nawa take fitarwa da rai daga wannan ɗan abin da ke akwai, nawa kuma take ɓatawa.

Hanyar ziri

A FUT, majiyyaci yana zaune ko yana kife, a yi masa allurar kashe zafi a ƙeya, yana farke. Likita zai yanko zirin fata mai faɗin santimita 1 zuwa 1.5, tsawonsa kuwa yakan kai 20 zuwa 30, daga bayan wannan kunne zuwa wancan. Sai ya haɗa bakin raunin ya ɗinke. Zirin ya koma hannun mataimaka, su yayyanka shi falle-falle a ƙarƙashin na'urar ƙara girma, su ware gungu ɗaya bayan ɗaya. Ziri mai tsawon santimita 25 da faɗin 1.2 murabba'i 30 ke nan, wanda a cikar 80 zai ba da gungu 2,400.

Ƙarfin wannan hanya a gani yake. Mai yanka yana kallon saiwar daga sama har ƙasa, don haka ba kasafai yake datse ta ba, kuma kowane gungu yana fita da ɗan kitsen da ke kare shi daga bushewa. Duk gashin kuma daga tsakiyar amintaccen yanki ya fito. Ba sai an aske kai ba, domin gashin sama yana sauka ya rufe ɗinkin a ranar.

Farashinta tabo ne mai tsawo a ƙeya. A hannun gwani, kuma a fatar da ke da saki, faɗinsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, musamman in an yi ɗinkin da ake shafe ɗan leɓen fata domin gashi ya tsiro ta cikin tabon. Amma in aka yi haɗama aka yanko ziri mai faɗi a fatar da ta ɗame, tabon yakan buɗe har ya kai santimita guda. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, ciwo da ɗaurewar ƙeya sun fi na ɗaya hanyar, wasu kuma sukan yi watanni suna jin wurin ya mutu saboda ƙananan jijiyoyin da wuƙa ta ratsa. Mai ɗaga kaya masu nauyi ko mai motsa jiki sai ya haƙura na 'yan makonni.

Hanyar tsinta

FUE komawa ce ga bututun Okuda, sai dai an tsuke shi. Masumi Inaba a Japan ya gwada na milimita 1 a ƙarshen shekarun 1980, Ray Woods ya yi ta aiki da irin wannan dabara a Ostareliya a shekarun 1990, amma takardar da Rassman da Bernstein da abokan aikinsu suka wallafa a 2002 ce ta shigar da ita littattafan likitanci. Ana aske ƙeya, a ɗora bututu mai faɗin milimita 0.8 zuwa 1 a kan gungu, a yanka fatar da ke kewaye da shi, a zaro shi da hantsaki. A maimaita haka sau dubu biyu ko uku a wuni guda. Ramukan ba a ɗinke su, suna rufewa da kansu cikin mako ɗaya.

Wahalar ita ce likita ba ya ganin abin da yake yankawa. Yana kallon gashin da ke waje ne yana kintatar inda saiwar ta dosa a ciki, alhali kusurwar ciki ba lallai ta yi daidai da ta waje ba, kuma saiwoyin gungu guda sukan baje a ƙasa. In bututun ya kauce kaɗan, ya datse saiwa. Marubutan 2002 sun san da haka, shi ya sa suka ba da shawarar a fara gwada 'yan gungu a kan kowane mutum a ga ko fatarsa tana sakin su lafiya. A 2004 James Harris na Colorado ya kawo dabarar tsaga saman fata da mai kaifi sannan a ƙarasa da bututu mai dakushi, wanda ke ture saiwa gefe maimakon ya yanke ta. Bayan haka injuna masu juyawa da masu karkarwa suka shigo, da bututu masu buɗaɗɗen baki. A yau ƙwararru suna ƙoƙarin kada abin da suke datsewa ya wuce kashi 5 cikin 100.

Ana yawan tallata FUE da cewa ba ta barin tabo. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma alƙalami zai nuna. Ramin bututu mai faɗin milimita 0.9 yana da fili kimanin 0.64 na murabba'in milimita. Ramuka 2,400 sun haura murabba'in santimita 15. Tabon ziri mai tsawon santimita 25 da faɗin milimita 2 murabba'i 5 ne kacal. Wato fatar da FUE ke raunatawa ta fi yawa, sai dai a warwatse take ɗigo-ɗigo, ido ba ya kama ta kamar yadda yake kama layi. Ganin haka ne ma ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, wadda aka kafa a 1993, ta gyara cikakken sunan hanyar a 2018 domin ya nuna cewa yanka ake yi, tiyata ce sosai, ba tsigar gashi ba.

Akwai kuma matsalar fili. Ba a tsinto gungu biyu maƙwabta, in ba haka ba wurin ya yi fari. In ana ɗaukar ɗaya cikin biyar a cikar 80, kowane murabba'i zai ba da 16, don haka gungu 2,400 suna buƙatar murabba'i 150, ninki biyar na abin da ziri ya ci. Mai son dubu huɗu ko biyar a zama ɗaya dole ya haura sama zuwa kusa da tsakar kai ko ya gangara wuya, inda gashin ba shi da tabbacin ɗorewa. Irin wannan gashi zai tsiro da kyau a shekarar farko, hoto ya yi kyau, bayan shekara goma ya bi sahun 'yan'uwansa. Wannan ita ce illar FUE da ba a gani sai an daɗe da biyan kuɗi.

Duk da haka jama'a sun zaɓa. Ƙidayar da ISHRS ke yi tsakanin mambobinta ta nuna a 'yan shekarun nan fiye da kashi 70 cikin 100 na dashen maza da FUE ake yin sa. Dalilan a fili suke: ciwo kaɗan ne, warkewa da sauri, babu zare, kuma mutum zai iya rage gashinsa ƙasa sosai. Ita ce kuma kaɗai hanyar ɗibar gashin gemu ko ƙirji in ƙeya ta gaza.

Wanne ya fi tsira?

A nan ne mai neman hujja zai sha mamaki, domin sana'ar da ke juya maƙudan kuɗi tana tsaye ne a kan ƙananan bincike. A 2016 Michael Beehner ya dasa gungu na hanyoyin biyu gefe da gefe a kan mutum huɗu, ya samu kimanin kashi 86 na gashin ziri sun tsira, na tsinta kuwa kimanin 61. A 2018 David Josephitis da Ron Shapiro suka yi makamancin gwajin a kan mutum uku, suka ce ba su ga wani bambancin a zo a gani ba. Mutum bakwai ke nan jimla, da sakamako biyu masu karo da juna. Fassarar da ta fi kama hankali ita ce gungun FUE ya fi rauni saboda yana fita tsirara ba kitse, don haka ya fi saurin lalacewa a hannun da bai goge ba, amma a hannun da ya goge tazarar tana rufewa.

Abin da babu gardama a kansa shi ne lokaci da bushewa. Gwajin Limmer ya nuna tsirar gungu tana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace awa da ya yi a wajen jiki, ko da yana cikin ruwan gishiri mai sanyi. Gungun da aka bari ya bushe a kan safar hannu kuwa 'yan mintuna sun ishe shi mutuwa. Wannan bai san FUT ko FUE ba. Haka ma abin da ke biyo baya iri ɗaya ne: ɓawon rauni ya faɗi cikin kwana goma, gashin da aka dasa ya zube a mako na 2 zuwa na 4 har mutum ya tsorata, sabo ya fara leƙowa a wata na 3 ko na 4, cikakken sakamako kuma sai bayan wata 12, wani lokaci 18.

Likitoci da dama yanzu ba sa ɗaukar hanyoyin a matsayin kishiyoyi. Ga mai babban sanƙo, sukan fara da ziri sau ɗaya ko biyu, in fata ta daina saki su koma tsinta a sama da ƙasan tabon, har su dasa wasu a cikin tabon kansa. Haɗin nan yana fitar da gungu fiye da abin da kowace hanya za ta bayar ita kaɗai.

Sunayen kasuwa

DHI ba hanya ta uku ba ce. Da FUE ake ciro gashin, bambancin kawai a wurin shuka yake. Maimakon a fara tsaga ramuka sannan a cusa gungu da hantsaki, ana ɗura gungun a cikin wani alƙalami mai allura, a soka a tura lokaci guda. Alƙalamin daga Koriya ta Kudu ya fito a farkon shekarun 1990, ana kiran sa da sunan likitan da ya ƙirƙiro shi, Choi. Yana da amfani na gaske: ba a matse kan saiwar da hantsaki, kuma ya dace da shuka a tsakanin gashin da bai zuba ba. Amma an ƙera shi ne don miƙaƙƙen gashi mai kauri irin na mutanen gabashin Asiya, lanƙwasasshen gungu ba ya shiga allurar cikin sauƙi. Shi kuwa abin da ake kira safaya, wuƙar tsaga rami ce da aka yi da dutse maimakon ƙarfe, ba wani abu ba.

Mutum-mutumin ARTAS, wanda ya samu izinin hukumar Amurka a 2011, yana amfani da kyamara ya auna kusurwar gashi ya huda da kansa. Ba ya gajiya, hannunsa ba ya rawa a gungu na dubu biyu. Sai dai izinin farko ya taƙaita ne ga maza masu miƙaƙƙen gashi baƙi ko ruwan ƙasa, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna wa aka ƙera wa shi.

Idan gashin murɗaɗɗe ne

Kusan duk alƙaluman da suka gabata daga kawunan Turawa da mutanen Asiya aka samo su. Gashin baƙar fata ba a waje kaɗai yake murɗewa ba. Saiwar kanta a lanƙwashe take a cikin fata kamar ƙugiya, fatar kuma sau da yawa ta fi tauri. Miƙaƙƙen bututu mai juyawa yana shiga a tsaye, saiwa ta karkata, sai ya raba ta biyu. A wasu kawunan ɓarnar takan yi yawan da dole a dakatar da aikin. Wannan ne ya sa shekaru da dama ana ganin ziri ya fi dacewa da baƙar fata, tunda mai yanka a ƙarƙashin na'ura yana iya bin lanƙwasar da idonsa.

Cikin waɗanda suka yi fice wajen warware wannan matsala akwai Dakta Sanusi Umar, likitan fata a yankin Los Angeles wanda ya yi karatun likitanci a Jami'ar Maiduguri. A 2016 ya wallafa kwatancen da ya yi tsakanin bututu masu juyawa da wani lanƙwasasshen ƙarfe marar juyawa da ya ƙera, inda ya nuna sabon ya yi aiki a kawunan da na gargajiya suka gaza. Mutanen da aka gwada a kansu kaɗan ne, kuma mai ƙirar ne ya auna ƙirarsa, don haka a karɓi sakamakon da wannan a zuci. Amma aikin ya tabbatar da abu muhimmi: asibitin da ke da bututu iri ɗaya ga kowa bai shirya karɓar murɗaɗɗen gashi ba.

Binciken Leonard Sperling na 1999 da na Geneviève Loussouarn na 2001 sun nuna gashin 'yan asalin Afirka bai kai na Turawa yawa a murabba'i ɗaya ba, kuma ya fi jinkirin tsawo. Abin ɗiba ke nan ya ragu. Sai dai akwai rangwame: murɗaɗɗen gashi yana rufe fili fiye da miƙaƙƙe, kuma baƙin gashi a kan baƙar fata ba ya tona raguwa kamar baƙin gashi a kan farar fata, don haka gungu kaɗan suna yin aikin masu yawa.

Batun tabo ma yana da nasa salo. Tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda likitoci ke kira kiloyid, ya fi yawa a baƙar fata, haka ma ƙurajen ƙeya masu tauri da ke fito wa maza masu yawan aski. Duk wanda ya taɓa samun irin wannan tabo, ko daga huda kunne ko daga shasshawa, ya kamata a yi masa ɗan gwaji a jira watanni kafin babban aiki, ta kowace hanya. Sannan akwai al'adar aski. Namijin da ke zuwa wurin wanzami a yi masa tal kwabo, ko wanda zai aske kai bayan Hajji ko Umara, layin ziri zai fito fili a ƙeyarsa. Wannan babbar hujja ce ga FUE, amma a sani cewa ɗigon tabonta yakan warke da haske fiye da sauran fata, kuma a baƙin kai da aka aske da aska ana ganin sa.

Ga mata lissafin ya juya. Yawancin zubewar gashinsu a nahiyar Afirka ba ta gado ba ce. Binciken da Nonhlanhla Khumalo ta jagoranta a Cape Town a 2007 ya samu kusan kashi ɗaya bisa uku na matan da aka duba suna da cinyewar gaban goshi sakamakon ɗaurin kitso, musamman in an haɗa da man miƙar da gashi. Irin wannan, in ya daɗe har saiwa ta mutu kuma an daina jan gashin, yana karɓar dashe da kyau, kuma ziri ya fi yi wa mace sauƙi tunda ba sai ta aske ƙeya ba, tabon ma ba mai ganin sa. Amma akwai wata cutar da ke farawa daga tsakar kai tana bazuwa tana cinye saiwa da kumburi. Wannan sai an yanki ɗan fata an auna, an yi magani cutar ta kwanta na shekara ɗaya ko biyu, in ba haka ba abin da aka dasa ma za ta cinye shi.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya, ta sanya dashen gashi bayan zubewarsa cikin gyaran da ya halatta, musamman ga mace, domin mayar da abin da ya ɓace ne da gashin mutum na kansa.

Hannun da ke riƙe da ƙarfe

Ziri yana buƙatar likitan da ya iya yanka da ɗinki da tawagar masu rarrabawa, don haka da wuya wanda bai ƙware ba ya shige shi. FUE kuwa inji ɗaya da kujera sun isa a buɗe shago. Wannan sauƙi ne ya haifi wuraren da ake yi wa mutum goma ko fiye aiki a rana, likita ya leƙo ya zana layin goshi ya fita, sauran aikin ya rage ga waɗanda ba su da lasisin tiyata. Turkiyya tana da ƙwararru na gaske, tana kuma da irin waɗannan wurare, kuma daga hoton intanet ba a bambance su. A 2019 ISHRS ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da wannan kasuwa. A Indiya sai da mutuwar wani matashi a Delhi bayan dashe ta kai gaban babbar kotu, sannan a 2022 hukumar kula da aikin likitanci ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin wanda ya cancanci yin aikin.

Likitan kirki yakan ƙi wasu. Saurayi ɗan shekara 22 da goshinsa ya fara ja da baya bai san inda sanƙonsa zai tsaya ba. In aka zuba masa gungu 3,000 a layin yarinta, gashin asali na baya zai ci gaba da zuba, ya wayi gari da tsibirin gashi a gaba da fili a bayansa, ga rabin abin ɗibarsa ya tafi. Irinsa magani ya kamata ya fara: minoksidil na shafawa, wanda aka amince da shi a Amurka a 1988, da ƙwayar finasterid, wadda aka amince da ita a 1997, mai rage DHT. Dukansu suna aiki ne muddin ana amfani da su, finasterid kuma yana rage wa wasu maza ƙalilan sha'awa, kuma haɗari ne ga mai juna biyu. Ko bayan dashe ana buƙatar su, domin tiyata ba ta tsayar da sanƙo.

Wanda aka riga aka tsince wa ƙeya fiye da kima, zaɓinsa kaɗan ne. Ana iya ɗibar gashin ƙarƙashin haɓa a cike wasu gurabe, ko da yake ya fi kauri kuma yawanci ƙwara ɗai-ɗai yake fitowa, don haka bai dace da layin goshi ba. Gashin ƙirji gajere ne, tsirarsa kuma ba ta kai ta gemu ba. Abin da ya rage bayan wannan shi ne a ɗiga masa tawada a fatar kai ɗigo-ɗigo ta yi kama da sabon aski, a riƙa sabunta ta duk bayan 'yan shekaru in ta koɗe.